Sukuru huɗu da Taiba tab bari

Na Allah muke dukanmu, babba da yaro, kuma wurinSa za mu koma. Ran Laraba, sha biyu ga watan Safar, tsakanin azahar da la'asar, Allah Yak karɓi ran Taiba ɗiyar Sambo Kafinta, matar Maikuɗi mai rufin kwano, a asibiti can Talata Mafara. Kwana shida tay yi tana jinya. Anka maido ta nan Damri, anka rufe ta kafin magariba. Shekarunta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Ni da anka haife ta ina riƙe da kafaɗun uwarta, ga ni zaune.

Ni ce Zulaiha, wadda aka ce ma Inna Zulai ta gidan marigayi Liman Gambo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Lailatu maƙwabciyata, wadda ke koyarwa a makarantar Kaya, ita ke rubuta mani tunda tana gida hutu. Na ce mata ta rubuta yadda nif faɗa, kar ta gyara mani baki.

Kafin mu fara sai da tat tambaye ni sau biyu ko na tabbata, don ta san in takardar ga ta fita, ɗana Fa'izu za ya karanta. Shi kuwa Fa'izu ya rantse tun shekara huɗu da sunka wuce, duk ranar da yaj ji na faɗi ƙasa, ranar za ya zo da mota ya kwashe ni zuwa gidanai Talata Mafara, ba shawara. To, Fa'izu, na faɗi. Bana shekara uku ke nan. Taiba kaɗai tas sani, kuma ita tas sa kai ba ka sani ba. Ran sadakar uku anka ɗauke ni anka kai ni gidan gaisuwa, nij ji mata suna ta faɗin alherinta, kowace da nata, ni kuwa mafi girman yana cikina, na kasa buɗe baki. Ba ni son in mutu da shi.

Taiba, ubanki bai samu ɗa namiji ba. Ɗiya mata biyar Allah Yab ba shi, ke ce ta uku. Tun kanki bai wuce bencinai ba kike riƙe mishi katako shina yanka. Uwarki ta sha zuwa ɗakina tana mita, wai hannun yarinya ya yi kaushi kamar na manomi, wa za ya aure ta. Maikuɗi yaz zo yaɗ ɗauke ki da hannun naki.

Kowa ya san yadda gidajenmu suke. Namiji baligi ba shi wuce zaure sai maigida na nan, kuma ya yarda. Maigida kuwa shina gona, ko shina kasuwa, ko ya tafi cin rani sai damina. Sai ƙofar kabet ta ɓalle, a jingine ta da bango wata biyar. Ƙafar gado ta yi lanƙwasa, a tura mata tubali. Teburin keken ɗinki shina rawa, mace tana ɗinki tana danne shi da gwiwa. Haka muka saba, har ranar da ƙofar wadirob tak kusa faɗa ma jinjiri a gidan da ke bayan naku, mijin yana Kudu. Kinka sa hijabi, kinka ɗauki sukuddireban ubanki na hannu, kinka shiga. Daga ranar ba ki sake zama ba. Damri kaf, har Dakko, har cikin Bakura, in dai ɗakin mace ne, ke aka aika ma. Jeren amarya kuwa ba a fara shi sai kin iso.

Murɗa sukuru da hannu yini guda ya kusa kashe maki wuyan hannu. Na tuna kina zuwa ina shafa maki man kaɗe ina yi maki faɗa. Maikuɗi shina da inji nashi na ɗaure sukuru, babba, mai batir a gindi kamar dunƙulen sabulu. Kin gwada shi kinka ce ya yi maki nauyi, kuma shi ma da shi yake cin abinci, ba kullum yake barinai gida ba. Sai wata Talata yad dawo daga kasuwa da wani ɗan ƙarami, bai fi ludayi tsawo ba, da ɗan mazauninai da ake dasa shi a kai in za a ba shi wuta. Cikin kayan gwanjo yat tsince shi. Mai kayan ya ce mishi lalatacce ne, da ya yi ɗan aiki sai ya yi shiru. Maikuɗi ya saye shi ne don ya kwance ya ɗebi abin da ke da amfani. Da yab buɗe sai yag ga babu batir ko ɗaya a cikinai, sai wasu abubuwa biyu da yac ce sunansu kafasita, dangin wadda aka sa ma fanka. Ni dai ban san su ba. Abin da nis sani, yac ce ba lalacewa yay yi ba, haka anka yi shi: shina cika nan take, shina ƙarewa nan take. Kinka miƙa hannu kinka ce a ba ki.

Shekara shida kuna gardama a kan injunan ga, kuma rabin gardamar a tsakar gidana kunka yi ta, don ni kunka maida alƙali. Ke kinka sa ma nashi suna Alhaji, wai sai an yi mishi shimfiɗa tun hantsi har la'asar shina shan wuta kafin ya yarda ya motsa. A garin da wuta ke leƙowa ta koma kafin a dama kunu, kinka ce, wa ke da yinin ba Alhaji? Naki kuwa kafin mutum ya gama alwala ya cika. Shi kuma shina ce ma naki Ɗan Akuya, ci yanzu, kuka yanzu. Yac ce nashi in ya ƙoshi sai ya yi yini a kan rufi bai waiwayi kowa ba, in anka aje shi wata guda a samu ƙarfinai na nan. Naki sukuru ashirin, in ya yi ƙoƙari da biyar, sai ya kwanta. In kuma anka aje shi bai yi komai ba, wutar ta dinga zurarewa da kanta, tunda tsoho ne tun can inda yaf fito.

Kowannenku ya taɓa cin ƙasa. Jeren da kinka je Kaya, gado babba da wadirob mai ƙofa huɗu, gidan babu wuta, unguwar babu, hadari ya rufe rana mai sola ya kulle shago. Ɗan Akuya yak kwanta gado na rabi, ga amarya an ce ta taso. Dole kinka aika a mashin anka karɓo maki Alhaji, kinka riƙe shi hannu biyu kinka gama. Maikuɗi ya yi shekara shina ba da labarin ga. Ko ruwa kinka kawo mishi sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, mutanen Kaya suna gaishe ki."

Sai bazara taz zo, zafi yak kumbura mishi batir, yas sayi wani, shi ma bai yi shekara biyu ba yab bi ɗan'uwanai. Ranar da na biyun yam mutu shina kan aiki a Dakko, an yaye ma mutane rufi, ga gabas ta yi baƙi. Yad dawo gida da kanai, yat tsaya bakin ƙofa shina sosa ƙeya. Ke kinka ba ni labari kina dariya har da hawaye. Kinka ce mishi, "Maigida, lafiya? Alhaji ya yi tafiya ne?" Kinka bar shi tsaye sai da yaf faɗi sunan Ɗan Akuya da bakinai. Ya yini shina hawa shina sauka, ya ɗaura ashirin ya sauko ya dasa shi a janareton masu gida, amma an rufe ɗakin kafin ruwa. Naki kuwa har kinka bar duniya ba a taɓa canza mishi komai a ciki ba.

Kun sha tambayata wa yaf fi gaskiya. Ni abin da nig gani, ba injin ba ne, ke ce kinka san halinai. Ba ki taɓa sa shi aikin da hannu ke iyawa ba. Sai kin huda gurbi da basilla, kin dasa sukuru, kin murɗa shi da yatsu har ya tsaya, sa'an nan ki kawo inji ya ƙarasa. Kina shiga ɗaki ki ƙirga sukurun da ke jiranki kafin ki taɓa komai. In sun fi ƙarfinai ki fara da waɗanda in sun saki za su ji ma mutum ciwo. Kuma ba ki cika shi tun gida. Sai kin kawo bakin lungu ki miƙa ma Balarabe mai cajin waya, kafin ku gama gaisawa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, ya cika ya miƙo maki.

Yanzu in faɗi abin da yas sa nik kira Lailatu.

Wata Lahadi ce da hantsi, bayan an yi ruwa. Na shiga makewayi da butata, ƙafar hagu taz zame, niz zube a kan ƙugu. Na yi in tashi, na kasa. Babu abin kamawa, bango sumul, sandata ta faɗa can nesa. Iyalin Jatau, ƙanen maigidana, suna sashensu na gaba, in na ɗaga murya za su ji. Ban ɗaga ba. Na san in sunka ji, kafin azahar Fa'izu ya ji. Kuma a yadda nike kwance, ba ni son ko kaza ta gan ni. Nik kwanta nan rana tana hawa, ina salati, ina jin ƙudaje, har anka kira azahar.

Ke kuwa kin zo ne don ƙofar kabet ɗina da nid daɗe ina yi maki magana. Kinka yi sallama ba amsa, kinka ga takalmi ɗaya a bakin makewayi. Ba ki yi salati da ƙarfi ba, ba ki kira kowa ba. Kinka tuɓe hijabi, kinka ɗaga ni kamar yarinya, kinka ɗora ruwa, kinka wanke ni, kinka wanke zanen, kinka shanya shi a bayan ɗaki inda ba a gani. Ni ina kuka, ke kina ba ni labarin wata amarya da anka kawo ma gadon da yaf fi ɗakinta tsawo. Da nis samu baki nir roƙe ki kar ki gaya ma Fa'izu. Kinka dubi tsakar gida, daga ƙofar ɗakina zuwa makewayi. Can kinka ce, "Inna, taku nawa ne daga nan zuwa can?" Nic ce ban taɓa ƙirgawa ba. Kinka tashi kinka taka, sha tara.

Kar wanda yaj ji wannan ya ce ɗana mugu ne, ko matatai. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mani ido ba. Amma gidan haya suke, makewayi ɗaya mutum huɗu da iyalansu, kuma sai an hau matakala uku. Na san abin da ke jirana can. Ɗaki, da katifa, da fo a ƙarƙashin gado, surukata ta ɗauka ta ratsa tsakar gida da shi gaban baƙin ido safe da yamma. Nan kuwa ɗakin da anka kawo ni ina amarya ne, nan Malam yac cika, kuma nan nike zuwa da ƙafata in kama ruwa in yi alwala sau biyar ba wanda yas san na tashi. Abin da nike riƙo ke nan, ba wani abu ba.

Washegari kinka dawo da katako a ka, kamar mai tallan itace. Dirka bakwai kinka kafa a bin bango, kinka ɗora katako a kansu daidai ƙuguna, sai da kinka tsayar da ni kinka auna. Cikin makewayi kinka sa guda biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Nit tambaye ki mi yas sa ba ki buga ƙusa ki huta ba. Kinka ce ƙusa in ta saki ta saki ke nan, sukuru kuwa ana ƙara mishi. Sa'an nan kinka rage murya kinka ce, guduma tana da baki, in kinka buga sau uku matan Jatau za su leƙo su tambaya. Ɗan Akuya kuwa kukanai bai fi na sauro ba. Kwana uku kina aikin ga, kina fita bakin lungu kina dawowa, ba wanda yas san abin da ake yi sai da anka gama.

Da Fa'izu yaz zo sallah yag gani, yat tambaya. Nic ce na shanya ne. Yad dubi katako, yad dube ni, yac ce wace irin shanya ce a tsawon ƙugu. Allah Yas sa kina nan kina tankaɗe mani gari. Ko ɗago kai ba ki yi ba kinka ce, "Yaya Fa'izu, kai da ko hularka ba ka taɓa wankewa ba, ina kas san tsawon shanya? Tabarmi ne, so kake ta ɗaga su sama kafaɗa ta goce?" Yay yi dariya yab bar maganar. Tun ranar nike aje tabarma ɗaya a kai saboda zuwanai.

Abin da ban sani ba sai daga baya, katako ba ya zama yadda anka bar shi. Da rani ya bushe ya tsuke, sukuru ya yi sako-sako. Da damina ya sha ruwa ya kumbura. Ga gara. Ga ni kuma ina jingina mishi nauyina duka sau goma a yini. Don haka duk Alhamis biyu sai kin zo. Ki bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya kina girgizawa, ki sa kunne, ki ɗaure wanda yas saki. Shekara uku ba ki taɓa tsallakewa ba, ko ranar da kinka dawo daga Maradun biki ƙafafunki a kumbure. In na ɗauko ɗan abin da nike da shi in ba ki, sai ki ce in aje, kin riga kin ci tuwona tun ba ki da haƙori. Ko Maikuɗi bai san dalili ba. Ce mishi kike Inna tana son hira.

Alhamis ɗin ƙarshe, shida ga wata, kinka shigo kin ɗaure kai da ɗankwali tamau. Nic ce lafiya, kinka ce ciwon kai ne tun jiya, ba komai. Kinka duba na waje, kinka ɗaure. Da kinka shiga makewayi kinka tarar katakon tashi ya ruɓe daga ƙasa, kinka ɓalle shi da hannu kinka nuna mani. Kinka koma gida kinka kawo sabo. Kin ɗaure gefe ɗaya, saura sukuru huɗu na ɗaya gefen, inji yak kwanta. Kinka fita wurin Balarabe kinka cika shi. Da kinka dawo, kina duƙawa sai jiri yak kwashe ki, kinka dafe bango, kinka zauna a kan turmi. Nig ga idonki ya yi ja. Nic ce ki tafi gida, aikin ba gudu za ya yi ba. Ba ki so ba, amma kinka tashi. Kinka sa mani injin a hannu, da sukurun huɗu, kinka ce,

"Ga shi a cike, Inna. Gurbin na nan na huda. In ban zo gobe ba ki ba wata ta dasa ta danna nan, ko ke ma kina iyawa. Kar dai ki yi mishi irin ajiyar taku ta tsofaffi, shi ba ya ajiyuwa."

Mazaunin cajin kuwa kinka jefa cikin jakarki kinka tafi da shi, tunda gobe za ki dawo.

Na ji maganarki, Taiba, wallahi na ji. Amma in na ba wata, sai na gaya mata na mine ne. Kuma ni duk abin da ke da ƙarfi a cikinai, a sanina, rufe shi ake kar ya sha iska. Haka nike yi ma turare, haka nike yi ma daddawa da yaji. Sai nin naɗe shi a tsumma, nis sa cikin kwalla, nir rufe, nit tura ƙarƙashin gado, ina cewa in ya samu rufi mai kyau wutar ba ta samun hanyar fita, ki zo ki tarar da abinki yadda kinka bar shi. Juma'a ba ki zo ba. Asabar nij ji an kai ki Bakura. Litinin anka ce an wuce da ke Talata Mafara, ba ki gane mutane. Ina zaune nan, taku sha tara ne iyakar tafiyata, ban iya zuwa in riƙe maki hannu ba. Laraba ina dafe da dirka ta huɗu, na fito alwalar la'asar, nij ji kuka ya tashi daga wajen gidanku.

Sai bayan sadakar bakwai nij jawo kwallar. Na rarrafa ciki, na dasa sukuru a gurbin da kinka huda, na riƙe shi da yatsu, nid danna inda kinka nuna. Ya juya sau ɗaya, a hankali, ya ƙara rabi, yat tsaya. Na danna, na danna. Na girgiza shi, na sa shi a rana ko ya farfaɗo. Na zauna nan ƙasa da shi a cinya har inuwa tak kai bango.

Ranar nik kira Lailatu nig gaya mata komai, ita ce ta biyu da taj ji. Tac ce ai abu mai sauƙi ne, a kai ma Balarabe. Taj je tad dawo, ya ce ba shi shan wuta sai a kan mazauninai, duk igiyoyin shagonai babu wadda ke shiga. Mazaunin yana cikin jakarki, jakar tana ɗakinki, ɗakin kuwa an kulle shi tun ranar da anka fitar da ke. Ko cokali ba a taɓawa sai an zauna rabon gado, tunda akwai marayu, kuma babbar yayarki ba ta iso daga Kudu ba. Ban ce a karya wannan saboda ni ba. Matar liman ce ni shekara arba'in da ɗoriya, na san haƙƙin maraya.

Lailatu taj je wurin Maikuɗi, ba ta faɗi dalili ba, tac ce Inna ce ke da ɗan gyara. Bawan Allah, shina cikin abin da shike ciki, yac cika Alhaji da kanai yab ba ta, tunda shi nashi ne ba na gado ba. Na gwada ɗagawa, hannu biyu, ban raba shi da ƙasa ba. Lailatu tar riƙe. Ita alli tas saba riƙewa. Tana dannawa yaf fizge ta, na farko yac cinye kan sukurun, na biyu yan nutsa da shi har katako yat tsage gida biyu. Tat tsaya tana ba ni haƙuri kamar za ta yi kuka. Nic ce ba laifinta ba ne.

Da tam maida, Maikuɗi ya aiko cewa ko minene shi za ya zo da kanai ya gyara, ai ni uwa ce. Na gode mishi. Amma mijin ɗiyata ne. In tsaya a gabanai cikin makewayi, in tsuguna in tashi ya auna inda hannuna ke kaiwa? Ban iya ba. Ko ya yi na yau, wa za ya dinga zuwa duk Alhamis biyu? Shi yana bin rufi gari gari, Lailatu kuma saura mako biyu ta koma Kaya.

Ga injuna biyu an kawo mani har ɗaki, ɗaya ba wuta, ɗaya ya fi ƙarfina. Yau kwana tara, tun ranar da katakon yat tsage, ban shiga makewayi da ƙafata ba. Dirka ta biyu da ta biyar sun fara rawa, ina jin su a tafin hannuna. Alwala a bakin ƙofa nike yi, a zaune. Sauran kuma Lailatu ke fitarwa, ta rufe da tsumma. Abin da nig guda a Talata Mafara ya iske ni a Damri, sai dai a can wadda za ta ɗauka surukata ce, nan kuwa ɗiyar mutane ce da ba ta da alhakina a wuya.

Don haka, Fa'izu, ba sai ka yi mani faɗa ba. Ka zo. Ka zo ran Talata in ka tashi kasuwa, za ka iske na ɗaure kayana. Abu ɗaya nike roƙo, kar ka ji haushin Taiba don ta ɓoye maka. Ni nis sa ta. Shekara uku tab ba ni a ɗakina ina salla da tsarkin da niy yi da hannuna, kuma kai ma ka yi shekara ukun nan da kwanciyar rai ba ka san wa ke biya ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Taiba ta zo maKa. Ka san abin da tay yi ran Lahadin nan da ba wanda yag gani sai Kai. Yadda tar rufa mani asiri, Ka rufa mata. Yadda taɗ ɗaga ni daga ƙasa, Ka ɗaga darajarta. Ka wanke ta daga kurakuranta, Ka yalwata mata kabari, Ka sanyaya shi, Ka ba ta ikon amsa tambaya. Ka sa ciwon da tas sha ya zama kaffara. Ka haɗa ta da Sambo da uwarta a Aljanna Firdausi, don alfarmar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Maikuɗi, Allah Ya ba ka haƙuri. Yanzu ka san hirar da take zuwa yi. Ɗan injinta yana wurina da sukuru biyun da sunka rage, Lailatu za ta kawo maka a sa cikin kayan marayu. Ahmad, Bushra, Mubarak, Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka, Ya sa ku gaji hannun uwarku da bakinta mai riƙe magana. 'Yan'uwanta mata huɗu, da dangin Sambo Kafinta na nan da na Bakura, da duk macen da Taiba tat taɓa shiga ɗakinta, ina yi muku gaisuwa, Allah Ya jiƙanta, Ya ba mu haƙurin rashi.

Ni ba a zo mani gaisuwa ba, don ba ni cikin dangi, kuma ba laifin kowa ba ne. Wanda duk yak karanta wannan, in ya ga Inna Zulai kafin Talata, ya tsaya ya ce mata Allah Ya ba ta haƙuri. Ta yi rashin ɗiya.

Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.